Kwata ta tsaye, mai yawo a kan duro, ko gangarar janyo jirgi? Neman shawara daga bakin tafkin Kainji

Mai Fito:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu harkar ruwa, ina neman shawararku. Jirgin fiba ne mai tsawon ƙafa 23, da injin Yamaha doki 40, yana fiton mutane da kaya ranakun kasuwa. Makwancinsa gaɓar gabas ta tafkin Kainji, wajen ƙasar Ngaski. Yanzu turke ake ɗaure shi, a janyo goshinsa kan tsakuwa. Ƙasan goshin ya fara gogewa har zaren fiba ya fito, gansakuka ta kama cikinsa, fasinja kuma sai sun tsoma ƙafa a ruwa kafin su hau, har da tsofaffi da masu goyo.

Shawara uku aka kawo. Wasu sun ce a kafa kwata ta katako a kan ginshiƙai. Wasu sun ce a yi mai yawo a kan duron roba. Wani kuma ya nuna hoton na'urar ƙasar waje mai ɗaga jirgi sama da lantarki, ya ce ita ce maganin komai. Wanne ya dace da wurinmu, kuma me za a tanada? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Matuƙi:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Fito, kafin a sayi ƙusa ɗaya, ruwan za ka fara aunawa, domin shi ne zai zaɓar maka.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin nan ba ya zama wuri ɗaya. Cika biyu yake samu a shekara: farin ruwa na daminarmu, wanda ke shigowa daga Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan sai a yi ta jan ruwan ana ba da wuta, tafki na sauka har wajen Yuli. Tsakanin cikarsa da ƙarshen janyewarsa ana iya samun kusan mita 10 a tsaye. A tsaye fa na ce. A kwance lissafin ya fi haka tsanani: idan gaɓarku tana sauka mita 1 a cikin kowace mita 30, saukar ruwa ta mita 8 tana nufin bakin ruwa ya gudu mita 240 daga inda yake.

To ka ga kwata mai ginshiƙai ta faɗi tun a nan. In ka kafa ta daidai cikar ruwa, daga Afrilu za ta koma rumfa a tudu. In ka kafa ta daidai janyewa, cikin sanyi tana ƙarƙashin ruwa, ta zama tarkon farfela. Irin wannan kwata ta ƙananan wurare ce inda ruwa ba ya hawa da sauka fiye da mita 1 zuwa 2. A can, ginshiƙan giginya ko kirya sun isa, kuma suna daɗewa.

Na'urar ɗagawa ma haka. Yawancinsu ƙafafu huɗu ne a kafe a ƙasan ruwa ko a jikin ginshiƙai, da shimfiɗar da wayar ƙarfe ke ɗagawa, kuma iyakar tafiyarta ba ta wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. 'Yan watanni za ta yi maka aiki, sauran shekara tana kallon ruwa daga nesa. Ga kuma abin da ya fi damuna: lantarki a bakin ruwan daɗi. Idan waya ta ɗan fashe wuta ta zuba cikin ruwa, jikin mutum ya fi ruwan daɗi saurin ɗaukar wuta, sai ta bi ta jikinsa, gaɓoɓinsa su sandare, ya nutse a ruwan da bai kai ƙirjinsa ba. Kwatar da yara ke wanka mata ke wanki ba wurin jan waya daga janareto ba ce.

Yadda za ka auna gangaren gaɓa: samo tiyon roba mai haske irin na magina, ka cika shi da ruwa. Kafa sanda a layin da ruwa ya tsaya a cikar bara, tabon yana nan a jikin duwatsu da kututture. Auna mita 10 zuwa ƙasa, kafa wata, ka duba bambancin tsawo. Yi haka har bakin ruwan yau, ka rubuta. Ka kuma bi wurin da gora daga cikin jirgi kana tokarawa, domin itatuwan da tafki ya cinye kututturensu na nan a ƙasa. Kawo mana adadin.

Kafintan Kwata:

Baba Matuƙi ya faɗi gaskiya. Ni zan yi magana kan mai yawo, domin ita ce ta dace da hawa da saukar fasinja a wurinku, muddin an ƙera ta da niyyar za a riƙa matsar da ita duk mako biyu ko uku.

Kada a yi ta dunƙule guda. A yi ta gunduwa-gunduwa, kowace ƙafa 12 a tsawo, ƙafa 8 a faɗi, tunda katako a ƙafa 12 ake sayar da shi, babu asarar yanka. Gunduwa biyu sun ishi jirgi mai ƙafa 23.

Lissafin duro shi ne inda mutane ke ruɗuwa. Duron roba mai lita 200 yana ɗaukar kilo 200 ne sai in ya nutse gaba ɗaya. Kai rabi za ka lissafa, kilo 100. Dalili: duro a kwance yake, tsakiyarsa ce mafi faɗi. Kafin ruwa ya kai rabi, duk nauyin da aka ƙara kaɗan yake nutsa shi. Da ya wuce rabi, faɗin da ke tokare ruwa yana raguwa, sai mutum biyu su matsa gefe ɗaya kwatar ta karkace nan take. Gunduwa ɗaya ta katako mai ƙarfi, da firam na 2x6 (kauri inci 2, faɗi inci 6) da daɓen katako mai kaurin inci 1 da notuna, tana kai kilo 350. Duro 9, layi uku uku, nauyinsu kusan kilo 90. Jimla 440. Rabin ƙarfin duro 9 kilo 900 ne, saura kilo 460, wato manya shida ke nan. Idan buhunan masara ko shinkafa za a riƙa jibgewa a kai, sai a ƙara gunduwa, kuma a rubuta adadin mutane da fenti a jikin kwatar, a sa yaron jirgi ya tsare. Layukan duro na gefe a tura su can baki sosai. Duro a tsakiya yana ɗaukar nauyi, amma na gefe ne ke hana kifewa.

Kowane layin duro ya kwanta tsakanin katako biyu na 2x6 da ke tafiya a tsawo, tazararsu kamar inci 16 zuwa 18, yadda bayan duron zai shige ya zauna. A ɗaure da igiyar nailan mai kauri ko ɗamarar taya da aka yanka, biyu a kowane duro. Wayar ɗaurin rodi ba ta shekara, tsatsa za ta cinye ta, duro ya sulale da dare. Murafen duro biyu a naɗe su da farin tef na masu famfo, a shafa silikon, a juya duron yadda murafen za su kasance sama da layin ruwa. A rufe su da sanyin safiya. Wanda aka rufe da tsakar rana iskar cikinsa a kumbure take, da ya shiga ruwa ya huce sai ya lotsa ciki, ƙarfinsa ya ragu. Duron ƙarfe kuwa a bar shi, shekara biyu zuwa uku ya huje a daidai layin ruwa. Kuma don Allah a binciki abin da aka taɓa zubawa a duron. Na maganin ƙwari ko na feshin ciyawa ko an wanke ba ya fita, kuma nan ne mutane ke ɗiban ruwa, masunta ke jefa taru.

Katako: maɗaci, ƙawo ko loko. Farin katako mai taushi irin na silin damina ɗaya yake yi. Ruɓa ba ta kama itacen da ke nutse kullum kamar yadda take kama wanda ke jiƙa yana bushewa, saboda haka bakin katako da ramukan noti su ake kula da su. Firam a ɗaure shi da noti mai kaurin milimita 12 mai rufin tutiya, da wosha babba ciki da waje, kusurwoyi huɗu a ƙarfafa su da ƙarfen kwana. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe firam, igiyar ruwa tana murɗa shi dare da rana har ta zare. A bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin katakon daɓe don ruwa ya zube. Al'adar shafa baƙin mai a bar ta, yana zuba a ruwa kuma yana sa santsi. In za a sa maganin gara irin Solignum, a shafa a tudu, ya bushe sarai kafin a tura.

Haɗin gunduwa biyu ya zama mai lanƙwasa: kunnuwan ƙarfe a kowane gefe, a zura sandar ƙarfe mai milimita 20, a toshe bakinta da fil. In aka ɗaure su ƙam da noti, ranar da iska ta taso firam zai tsage a mahaɗa. Gadar da ke zuwa tudu tsawon mita 5 zuwa 6, faɗi ƙafa 3, da maƙarai na katako a gicciye duk taku ɗaya da abin dafawa ko a gefe guda. Bakinta na ruwa a maƙale da fata irin ta ƙofa, na tudu a sake, a ɗora kan ƙananan tayoyi.

Mai Walda:

Malam Kafinta, aikinka ya yi, sai dai ba ka taɓo abin da ke riƙe kwatar ba, kuma nan ne ake yin asara. Sannan ina da ja a kan abu guda: kwata mai yawo ta warware matsalar fasinja, ba ta warware ta jirgi ba. Mai tambaya ya ce gansakuka da gogewa. Jirgin da ke kwana a gefen kwata yana cikin ruwa har yanzu.

Anga tukuna. Kankare yana rasa nauyi a ruwa. Rabin duro da aka cika da kankare kilo 240 ne a tudu, a ruwa bai wuce 140 ba. Biyu ake bukata a bakin waje, a jefa su a buɗe, ɗaya hagu ɗaya dama, sarƙoƙinsu su gitta juna a ƙarƙashin kwatar: na dama ya kama kusurwar hagu, na hagu ya kama ta dama. Wannan giccin ne ke hana ta lilo. Kunnen anga rodi mai milimita 16, a lanƙwasa ƙafafunsa cikin kankaren tun yana ɗanye. Faffaɗan anga ya fi dogo, domin yana nutsewa a laka ya kama. Sarƙa mai milimita 10, tsawonta aƙalla ninki uku na zurfin ruwa a wurin, a bar mata sako-sako. Wanda ya ɗaure sarƙa ƙam lokacin da ruwa ke hawa a Satumba, da safe zai tarar ko kwata ta duƙa da baki cikin ruwa ko ta ɗauke anga ta tafi. Kowane anga a sa masa igiya ta daban da jarka a sama, don a gane wurinsa a ɗago shi ranar matsawa. Ta tudu kuma igiya biyu zuwa turakun ƙarfe, su ma a buɗe.

A gaɓar gabas, guguwar farkon damina ta bayanku take fitowa, tudu ya ɗan kare ku, amma tana tura kwata cikin tafki, igiyoyin tudu ne ke shan wahala. Iskar kudu maso yamma ta damina ita ce ke tara muku igiyar ruwa, domin ta ratso faɗin tafki. Saboda haka a samu lungu ko bayan wani tsini na ƙasa, kuma jirgi ya kwana a gefen da iska ba ta bugawa, goshinsa na fuskantar ruwa. Igiyar ɗaure jirgi nailan, tana miƙewa ta shanye fizga. Shuɗiyar igiyar nan mai arha rana na cin ta, tana yawo a saman ruwa ta naɗe farfela. Tayoyin da za a rataya a gefe a huda ƙasansu kada su tara ruwa sauro ya samu gida, a sa su cikin buhu domin baƙin taya yana ɓata jikin fiba. Idan tarin ciyawar ruwa ya taso ya jingina da kwata, a ture shi a ranar. Nauyinsa da iska a bayansa ya fi ƙarfin anga biyu.

Yanzu jirgin. Na katako son ruwa yake, in aka fitar da shi cikin hunturu katakon ya tsuke, mahaɗai su buɗe. Na fiba akasin haka ne. In ya shekara a jiƙe ruwa na ratsa fatarsa ta waje, ƙuraje su fito, inda zare ya bayyana kuwa tsotsa yake kamar lagwani. Gansakuka kuma mai take ci, jirgi ya yi nauyin tafiya. Abin da zai maye gurbin na'urar ɗagawa a wurinku shi ne kura mai taya da abin ja na hannu.

Irin wannan jirgi yakan kai kilo 400 zuwa 500, inji kusan 75, da tankunan mai da anga da tarkace a ce 650. Kurar kanta 200. A gangare mai sauka mita 1 cikin 8, jan kilo 850 a kan taya bai fi ƙarfin kilo 150 zuwa 200 ba, amma in taya ta kafe a laka yana ninkawa. A sayi winci, wato abin jan nan na hannu, mai ɗaukar tan 1 ko sama, mai haƙorin hana komawa baya, da wayar ƙarfe milimita 8. A dasa shi a kan gindin kankare can sama da layin cikar ruwa. Kurar a yi ta da gatarin tsohuwar mota, da katako biyu a tsawo da aka lulluɓe da tsohon kafet, su tallafi cikin jirgi har zuwa ƙarshen baya inda inji ke rataye. In bayan ya fita a iska, nauyin inji zai lanƙwasa shi sannu a hankali. Ƙugiya a zoben goshi na ƙasa ake maƙala ta, ba a abin ɗaure igiya na sama ba. Kada kowa ya tsaya bayan kura ana ja, kuma yaro ya bi ta da weji, wato katakon tokare taya, a hannu.

Da an fito da jirgi a cire toshiyar baya. Bakinsa ya kai murabba'in mita 10, ruwan sama na milimita 50 a dare ɗaya lita 500 ne, rabin tan a cikin jirgin da ke zaune kan katako biyu.

Mai Fito:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. An auna kamar yadda Baba ya ce. Inda muke ɗaurewa yanzu gaɓar a kwance take, kusan mita 1 cikin 25, ƙasa laka. Amma akwai wani wuri sama kaɗan mai tsakuwa da dutse, mita 1 cikin 9. Tambayata: sai an zuba kankare a gangaren? Kuma akwai izinin da ake nema?

Tsohon Matuƙi:

Wurin dutsen nan shi ne wurinka, ko da fasinja za su ƙara 'yar tafiya. A mita 1 cikin 25, kafin kura ta samu zurfin mita ɗaya da jirgi zai taso daga kanta sai an tura ta mita 25 cikin ruwa da laka. A 1 cikin 9, mita 9 kawai. Kuma kwatar mai yawo a can ba za ta riƙa zama kan ƙasa ba duk kwana uku. Duro in ya zauna kan dutse da nauyi a kansa fashewa yake, don haka lokacin janyewar ruwa a riƙa tura ta tun da sauran zurfin gwiwa a ƙarƙashin duron da ya fi kusa da tudu.

Kankare ba dole ba ne a shekarar farko. Ƙasa mai tsakuwa tana ɗaukar kura, a kwashe manyan duwatsu, a cike ramuka da tsakuwa a daddaɓe. Ka ga yadda ruwa zai yi da wurin shekara guda. In za a zuba, ba sai an shimfiɗe faɗin duka ba, layi biyu na taya sun isa, kowane faɗin santimita 60, kauri 15, da rodi milimita 10 a ciki, kwaɓi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa. Layi biyu masu tsawon mita 20 sun kai kubik mita 3.6, siminti buhu 22 zuwa 24. A ja masa zane mai zurfi a gicciye tun yana ɗanye, domin kankare mai sulɓi in gansakuka ta hau shi ko akuya ba ta tsayuwa. Gefuna da ƙarshen ƙasa a jera manyan duwatsu, in ba haka ba igiyar ruwa za ta rarake ƙarƙashinsa ya karye. Lokacin zuba na ƙasa shi ne Yuni zuwa Yuli, sa'ad da tafki ya kai ƙarshen janyewa, ko da yake damina ce. A tanadi leda ta rufewa, kuma a ba shi aƙalla mako biyu kafin farin ruwa ya iso.

Izini akwai. Hukumar NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ita ke da iko da hanyoyin ruwa na tarayya, kuma dokarta ta 1997 ta ba ta iko da mita 100 daga bakin ruwa. Suna da ofishin yanki a Yauri. Ka je da zanen abin da za ka yi tun kafin a yanka katako. Kafin nan ka fara da Sarkin Ruwa da mai gari, su suka san inda masunta ke jan taru da inda shanu ke shan ruwa, kada ka jefa anga a hanyar wani.

Batun tsoma ƙafa da ka ambata ba ƙarami ba ne. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a irin wannan ruwa maras zurfi mai ciyawa yake zama, don haka gadar ta kai har busasshiyar ƙasa, kada a bar taku biyu na ruwa a tsakani.

Mai Walda:

Ƙari kaɗan kan kurar, tunda wurin dutse za a koma. Cibiyar tayar mota ba don nutsewa aka yi ta ba, ruwa zai shiga boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. A cika ta da giris mai jure ruwa, a buɗe a duba duk wata uku, in giris ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, a wanke a sake. Wayar winci a bar aƙalla naɗi uku a kan gangarsa ko kura ta kai ƙarshen ƙasa, kuma a ɗaure bakinta da maƙalai uku, lanƙwasar maƙalin a kan guntun baki, gindinsa a kan doguwar waya. Da ka ga silin waya sun fara tsinkewa suna tsaye kamar ƙaya, a canja ta duka. Tunda bakin ruwa zai riƙa nisa da winci har mita 70 ko fiye a ƙarshen janyewa, a dasa zoben ƙarfe cikin kankare duk mita 15 a gefen gangaren, winci ya zama mai cirewa, a riƙa matsar da shi daga zobe zuwa zobe.

Goshin da ya goge kuma a gyara shi kafin komai. A fitar da jirgi ya yi mako guda a inuwa ya bushe, a goge wurin da samfefa har a kai fiba mai lafiya, a ɗora zare ninki uku da ruwan fiba, kowane ninki ya fi na ƙarƙashinsa faɗi da yatsa biyu, sannan a liƙa tsiri na roba mai kauri a kan ƙashin goshin daga layin ruwa zuwa mita ɗaya da rabi baya.